Sinadarai masu doguwar sarƙa: haɗa su da sauƙi, gwada su da ruwan Damagaram ne aiki

Duk almajirin da ya taɓa dama tawada ya san baƙin tukunya da ruwa kaɗai ba sa yin rubutu. In aka zuba su a kurtu, kafin azahar baƙin ya kwanta a ƙasa, ruwan ya tsaya a sama. Sai an jefa ƙaro ya narke sannan tawadar ke zama abu guda, ta bi alƙalami, ta kama allo. Ƙwayar ƙaro babba ce mai rassa. Wani sashe nata yana manne wa ɓarɓashin gawayin, sauran ya bazu cikin ruwa ɗauke da cajin lantarki na nagatif, ta yadda in ɓarɓashi biyu suka matso kusa sai su ture juna, ba su dunƙule ba balle su nutse. Wannan aikin ne ake nema daga wani rukunin sinadarai da masana'antun Jamus, Japan da Sin ke haɗawa tan-tan a kowace shekara, wato safaktan (sinadarai dangin sabulu) masu cajin nagatif da aka gina a kan folima, ƙwaya mai doguwar sarƙa.

Sun riga sun shigo mana, mun sani ko ba mu sani ba. Suna cikin garin omo, suna cikin jarkar ruwan da ake zuba wa kankare a manyan gine-gine, kuma in rijiyoyin man Agadem suka tsufa, maganarsu za ta taso. Ni a ganina, inda ya kamata mu sa ido shi ne gwajinsu. Lambobin da ke kan takardar kamfani an auna su ne da tataccen ruwa a digiri 25, mu kuwa ba da irin wannan ruwan muke wanki ko kwaɓa siminti ba, ba kuma a irin wannan sanyin ba.

Safaktan na yau da kullum ƙaramar ƙwaya ce mai kai da wutsiya. Wutsiyar jerin kabon ce, galibi 12 zuwa 18, ba ta shiri da ruwa, mai take so. Kan kuwa ruwa yake so, kuma a irin da muke magana a kai yana ɗauke da cajin nagatif. Sabulun da kakanninmu ke dafawa da ruwan toka da mai ɗan wannan gidan ne, haka abin da ke cikin sabulun ruwan da ƙungiyoyin mata ke haɗawa da kayan da ake saro musu daga Kano. Da yake rabinta na gudun ruwa, ƙwayar sai ta haura fuskar ruwan ta tsaya, kai a ciki, wutsiya a waje. Fuskar ruwa tana da wani tsauri, shi ne ke sa ɗigo ya dunƙule a bakin famfo kafin ya faɗo, kuma a digiri 25 ma'auninsa milinyutan 72 ne a mita. Sinadarin wanki mai kyau yana sauko da shi zuwa 30 da ɗoriya. Idan fuskar ta cika, sauran ƙwayoyin sai su yi curi-curi a cikin ruwan, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje, kuma a tsakiyar curin nan ne maiƙo ke ɓuya ya bi ruwan ɗauraya. Akwai adadin da sai an kai shi curin ke fara samuwa. Ga sodiyom dodesil salfet, wanda ɗalibai suka fi yin gwaji da shi, kusan giram 2.4 ne a lita.

Raunin ƙaramar ƙwaya shi ne rashin riƙo. Wuri ɗaya take kamawa, tana kamawa tana saki cikin ƙiftawar ido, kuma da an ƙara ruwa curin ya watse. Ga kuma ruwan zartsi. Kalsiyom da maganeziyom da ke cikinsa caji biyu-biyu gare su na fozitif, kowanne sai ya cafki kawunan sabulu biyu ya mai da su wani dusa-dusa mai danƙo da ba ya narkewa. Matar da ta ce rijiyar unguwa kaza tana cin sabulu, gaskiyarta.

Dabarar folima ita ce a jera kawuna da wutsiyoyi ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, a kan sarƙa guda. Wanda ya taɓa ratsa fili da kaka ya san halin ƙarangiya: ƙaya ɗaya ba ta da wani ƙarfi, amma kafin ka ɓamɓare wannan gefen, wancan ya sake kama wando. Haka sarƙar ke yi a jikin ɓarɓashin siminti ko ɗigon mai. Tun 1951 Ulrich Strauss a Amurka ya nuna cewa sarƙa mai wutsiyoyi da yawa tana iya naɗe kanta ta yi curi ita kaɗai, ba sai ta jira ƴan'uwanta ba, saboda haka ƙarin ruwa ba ya warware ta. Tana kuma kaurara ruwa, abin da ƙaramar ƙwaya ba ta cika yi ba. Sai dai akwai abin da ake biya. Sarƙa mai nauyi ba ta da sauri, yawancin irinta ba sa sauko da tsaurin ruwa kamar yadda ƙananan ke yi, kuma kumfarsu kaɗan ce. A kasuwar Dole kuwa da kumfa mai saye ke auna sabulu. Shi ya sa masu yin omo ba sa cire ƙaramin safaktan su sa folima a madadinsa. Kaɗan suke ƙarawa, ƴan kashi cikin 100, don ta riƙe kalsiyom, ta kuma hana dattin da ya fita komawa jikin tufa.

Hanya ta farko wajen haɗawa ita ce a gina sarƙar daga tushe. Tubalin da aka fi amfani da shi asid akirilik ne, wanda ake yi daga iskar furofilin. Ana narka shi a ruwa cikin tukunyar gilashi ko ta ƙarfe mai abin motsawa, a busa naitirojin a kori oksijin, domin oksijin na kashe haɗin tun bai kankama ba. A ɗumama zuwa digiri 60 ko 80, sannan a riƙa ɗiga abin da ke tayar da haɗin, galibi amoniyom fasalfet. Zafi yana raba ƙwayarsa biyu, kowane ɓari ya cafki tubali ya buɗe shi, wannan ya cafki na gaba, cikin daƙiƙa sarƙa ta yi tsawo. Don a samu wutsiya sai a haɗa da tubali mai ƙin ruwa, kamar sitirin ko lauril metakirilet. Nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo, saboda tubalan biyu ba sa son zama a ruwa ɗaya, kuma ba sa shiga sarƙa da sauri ɗaya. In ba a lura ba, mai saurin ya ƙare da wuri, sarƙoƙin farko su fito daban da na ƙarshe, a samu tukunya guda mai kaya iri biyu. A 1995 Matyjaszewski a Amurka da Sawamoto a Japan, sannan a 1998 masu bincike na cibiyar CSIRO a Ostareliya, sun fito da hanyoyin da ke ba da damar jera tubalan yadda ake so, wannan ɓangare duka mai son ruwa, wancan duka mai ƙinsa. Amma tsada ta sa kayan da ake sayarwa a duro-duro har yau yawanci da tsohuwar hanya ake yin su.

Haɗin yana fitar da zafi, ba kaɗan ba: kusan kilojul 77 ga kowane giram 72 na asid ɗin. In ka dama ruwa mai kashi 30 cikin 100 na asid ka bar shi ya haɗu lokaci guda ba tare da sanyayawa ba, zafinsa zai ƙaru da fiye da digiri 70, ya tafasa ya yi ambaliya. Dalilin ɗigawa a hankali na tsawon sa'o'i ke nan. Shi kansa asid ɗin tsakanin digiri 15 da 25 ake ajiye shi. A 13 yake daskarewa, in kuma ya sha zafi yana iya fara haɗuwa da kansa a cikin duro har ya fasa shi. A garin da Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, duk wanda ya zo da maganar kafa irin wannan masana'anta, a fara tambayarsa ina zai ajiye duron, kuma me zai faru ran da wuta ta ɗauke. Kasancewar matatar mai ta SORAZ a arewa da Damagaram ba ta rage nisan da ke tsakaninmu da irin wannan masana'anta ba. Tun da aka buɗe ta a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, fetur da gazuwal da gas ɗin girki take fitarwa. Tubalan folima sana'a ce daban, mai buƙatar wata masana'antar a tsakani.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan fanni shi ne tsawon sarƙa. Foli-akirilet mai nauyin ƙwaya 2,000 zuwa 10,000 warwatsa ɓarɓashi yake yi, ya hana su kwanciya. Ka bar sarƙa irin tasa ta kai miliyoyi, sai aikin ya juye: wannan ƙarshen ya kama ɓarɓashi ɗaya, wancan ya kama wani, ta ɗaure su tare su nutse. Da dangin wannan doguwar ake kwantar da laka a tashoshin tace ruwa. Kusan tubali ɗaya, aiki biyu masu kishiyantar juna. Don kada sarƙa ta wuce gona da iri, ana zuba sinadarin da ke katse ta, sau da yawa daga dangin abin nan mai wari da ake sa wa gas ɗin girki don a ji in ya zuba. Kuskure kaɗan a awonsa ya isa ya mai da mai warwatsawa mai tarawa, kuma da ido ba za ka bambance ruwan biyu ba in ba ɗan kauri ba.

Irin kan da aka ɗora ma yana da tasiri. Kaboksilet shi ne mai araha, amma shi ne na sabulu, da raunin sabulu: tsami yana kashe cajinsa, kalsiyom mai yawa yana kayar da shi. Salfet ya fi jure zartsi, sai dai zafi da tsami tare suna tsinke shi daga sarƙar. Salfonet ne mai taurin kai, domin sulfa ɗinsa kai tsaye yake ɗaure da kabon, shi ya sa ake zaɓarsa inda akwai gishiri da zafi.

Hanya ta biyu ta fi kusa da mu: a ɗauki sarƙar da Allah ya riga ya yi a tsiro, a gyara ta. Selulos na auduga ko na itace, in aka jiƙa shi da soda aka haɗa da asid monokuloro-asetik, yana zama garin nan da wasu masu sabulun ruwa ke kaurara haɗinsu da shi. Sitaci kuma, tun 1953 Caldwell da Wurzburg suka yi rajistar hanyar ɗaura masa wutsiya mai kabon 8 tare da kai mai caji. A ruwa ake yi, a zafin da bai wuce digiri 35 ba, ana ɗiga soda kaɗan-kaɗan, kuma ga wanda za a sa a abinci doka ta tsayar da sinadarin a kashi 3 cikin 100 na nauyin sitacin. Ba tafasa, ba duro mai fashewa. Rogon fadamun kudancin jihar nan zai iya zama tushensa. Amma a lura da wanda wannan sitaci ke yi wa kishiya: ƙaro ne, domin shi kamfanonin lemo ke komawa gare shi duk lokacin da ƙaron Sudan ya yi wuya ko ya yi tsada. Ƙaron dakwara furotin ɗinsa kusan kashi 2 cikin 100 ne kacal, kuma ɗan sashen da ke ɗauke da furotin ɗin shi ke riƙe ɗigon mai. Mai saye a Turai yana narka ƙaro ya haska shi a na'ura: na dakwara hagu yake juya hasken, na dushe dama. Buhun da aka cakuɗa iri biyu nan take yake tona kansa, farashi ya faɗi. Majema ma suna da nasu rabon a wannan tarihi. Kafin yaƙin duniya na farko Edmund Stiasny ya haɗa sinadarin jima na farko da ke kwaikwayon na itace, gajeriyar sarƙa mai salfonet, kuma jikokinsa ne masana'antun fata ke haɗawa da irin su bagaruwa a yau.

To, an haɗa. Tambayar farko a ɗakin gwaji ita ce ko abin da ke cikin kwalba shi ne abin da aka yi niyya. Hasken infirared yana nuna ko kawunan sun hau, na'urar maganaɗisu tana ƙirga tubali nawa na kowane iri ya shiga, wata kuma tana tankaɗe sarƙoƙin gwargwadon girmansu. Inda babu waɗannan, siririn bututun gilashi da agogo suna ba da labari mai yawa, tunda ruwa mai doguwar sarƙa ya fi jinkirin wucewa. Dole kuma a nemi tubalin da bai shiga sarƙa ba. Folimar akirilamaid, ƴar dangin doguwar sarƙar nan ta tashoshin tace ruwa, ba ta da wani lahani sosai, amma tubalinta guba ne ga jijiyoyi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar maikurogiram 0.5 a litar ruwan sha.

Daga nan sai awon tsaurin fuska. Sananniyar hanya ita ce ta Lecomte du Noüy, wadda ta bazu tun 1925: a nutsa zoben filatinom, a riƙa ɗaga shi a hankali, a auna ƙarfin da ya ɗauka kafin ya rabu da ruwan. Ga ƙaramin safaktan, lambar tana tsayawa nan da nan, kuma in ana ƙara sinadarin tana sauka har ta kai wani wuri ta daina, wato inda curi ya fara. Ga folima abin ba haka yake ba. Sarƙar na ɗaukar mintuna, wani lokaci sa'o'i, kafin ta iso fuska ta daidaita zamanta, saboda haka lambar minti ɗaya daban da ta bayan sa'a, kuma wurin tsayawar nan da ake nema yakan zama lanƙwasa marar iyaka. Takardar da ta ba ka lamba ba ta faɗi bayan wane lokaci aka karanta ta ba, rabin magana ta faɗa. Akwai tsohuwar hanya mai araha ta ƙirga ɗigo, domin in tsauri ya ragu ɗigon yana ƙanƙancewa, adadinsa ya ƙaru. Tana da kyau wajen kama sabulun ruwan da aka tsinka, amma tana zaluntar folima, tunda ɗigon ya faɗi kafin sarƙar ta iso.

Kumfa ma tana da nata gwajin, na Ross da Miles na 1941: a sako mililita 200 daga tsayin santimita 90 a kan mililita 50, a auna tsayin kumfar nan take da bayan minti 5. Kumfar kawai yake aunawa, ba ya cewa komai game da tsabta. A kankare ma kumfa abokiyar gaba ce, domin kowane kashi 1 cikin 100 na iskar da ta maƙale yana cin kusan kashi 5 na ƙarfinsa.

Kankaren nan shi ne wurin da na fi ganin muna buƙatar gwajin kanmu. Magini yana ƙara ruwa ne don kwaɓin ya yi laushi ya bi tsakanin rodi, amma tun 1918 Duff Abrams ya nuna cewa duk ruwan da ya wuce kima ƙarfin gini yake ci. Ɓarɓashin siminti yana dunƙulewa ya kulle ruwa a tsakaninsa, folima mai caji kuma tana raba shi ta saki ruwan. An fara da ligino-salfonet na masana'antar takarda a shekarun 1930, sai naftalin salfonet a Japan a shekarun 1960, sai a 1981 Tsuyoshi Hirata na kamfanin Nippon Shokubai ya fito da foli-kaboksilet, mai gadon baya mai caji da dogayen rassa marasa caji. Giram 100 zuwa 150 na tsantsarsa a buhun siminti mai kilo 50 yana iya rage ruwa da kashi 30 cikin 100 ko fiye. Sai dai yana da maƙiyi, wato yumɓu, musamman irin mai kumbura in ya jiƙe. Rassan nan suna kutsawa tsakanin faifan yumɓun su maƙale, sinadarin ya ƙare a can, siminti bai samu komai ba. Yashin da amalanke ko tifa ke kwasowa daga korama bayan damina ba lalle ne ya rabu da laka ba, kuma kashi 1 cikin 100 na irin wannan yumɓun ya isa ya lalata lissafi. Tsohon naftalin salfonet, wanda ake wa kallon ya tsufa, ya fi jure wannan. Ga zafi kuma, wanda ke sa kwaɓi ya sandare da wuri. Gwajin ba shi da tsada: mazubin ƙarfe mai tsayin santimita 30, a cika shi, a zare, a auna yadda kwaɓin ya zauna, a sake bayan rabin sa'a da bayan sa'a, a rana, da yashin da za a yi ginin da shi, da ruwan da za a kwaɓa da shi. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan famfonsa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, Arunguza da Ganaram, in ya yanke kuma a koma rijiya da tafki. Kowanne da gishirinsa, kuma jarkar sinadari ɗaya ba za ta yi hali ɗaya a cikinsu duka ba.

A harkar mai, hujjar folima mai wutsiya ta fi fitowa fili. Ko bayan an tura ruwa a rijiya, galibi kusan kashi biyu cikin uku na man yana maƙale a ƙofofin dutse. Ana buƙatar mai kaurara ruwan don kada ya zille ta hanya mai sauƙi, da kuma mai sassauta tsaurin da ke tsakanin mai da ruwa daga milinyutan 20 ko 30 a mita zuwa kusan 0.001. A filin Daqing na ƙasar Sin, wanda ke hannun CNPC, kamfanin da ya buɗe Agadem, tun 1996 ake tura folima a babban mataki, kuma ta sa an ƙara fitar da fiye da kashi 10 cikin 100 na man da ke ƙasa. Matsalar ita ce in aka tura folima da ƙaramin safaktan tare, a hanya sukan rabu, ɗaya ya riga ɗaya. Sarƙa guda mai aiki biyu ba ta rabuwa da kanta, amma yawanci ba ta kai tsaurin ƙasa sosai haka, kuma muhawarar masana ke nan har yanzu. Man Agadem a dutsen yashi yake kwance, wanda fuskarsa nagatif ce, saboda haka ba ya shanye sinadari mai cajin nagatif kamar yadda dutsen farar ƙasa ke yi. Sauran hukuncin sai an yanko guntun dutsen rijiyar kanta, an tura sinadarin ta cikinsa da ruwan rijiyar, a zafin rijiyar, domin folimar da aka saba da ita tana lalacewa in zafi ya haura digiri 70 a ruwa mai kalsiyom.

Akwai gwajin da mai sayarwa ba ya son a tayar, wato ina sinadarin ke zuwa bayan ya gama aiki. A ƙarshen shekarun 1950 koguna a Jamus da Amurka sun cika da kumfa saboda wani safaktan mai reshe da ƙwayoyin halitta suka kasa ci, har Jamus ta yi doka a 1961, aka koma ga mai miƙaƙƙiyar wutsiya. Ma'aunin da ake bi yau shi ne sinadari ya ruɓe da kashi 60 cikin 100 cikin kwana 28. Foli-akirilet da ire-irensa ba sa cin wannan jarrabawa. A Turai abin da ke rufa musu asiri shi ne suna manne wa taɓon tashar tace ƙazantaccen ruwa, a kwashe su tare. A nan ruwan wanki kwata yake bi, ya ƙare a titi ko a tafkin unguwa, inda rani ke ƙafar da shi, dabbobi kuma su sha abin da ya rage. Sarƙar sitaci da ta selulos sun fi saurin ruɓewa, amma su ma gwargwadon yawan kawunan da aka ɗora musu, gwargwadon jinkirinsu. Gwajin kansa kwalabe ne rufaffu, da ɗan taɓo mai rai, da abin auna oksijin da aka cinye, kuma bai fi ƙarfin ɗakin gwajin Jami'ar André Salifou ba. A ƙa'idar Turai da taɓon tashar tace ruwa ake yin sa, a ɗakin da bai wuce digiri 25 ba. A nan sai a ɗebo taɓon daga tafkin da ruwan wankin ke gangarawa, a ajiye kwalaben a zafin da tafkin ke kaiwa a watan Mayu.